Kunnen Mai Lasifika

Ni dai na manta rabon da wani ya kira ni da sunan da aka raɗa min. Ɗaya-Biyu ake ce min. Dalili kuwa, duk inda za a yi taro, kafin ango ya iso, kafin fasto ya miƙe, muryata ake fara ji tana cewa, "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu." Yaran layinmu da shi suke gaishe ni, matata ma idan tsokana ta motsa mata da shi take kirana cin abinci. Hayar lasifika ce sana'ata. Ina da manyan baƙaƙen akwatuna waɗanda sai ƙarti biyu sun haɗu suke ɗaga guda, ina da makirfo, ina da wayoyi buhu-buhu, ga kuma miksa, wato allon nan mai maɓallai barkatai da ake ƙara sauti ko a rage. Wannan allon ko ƙuda ban yarda ya sauka a kansa ba.

Watan Kirsimeti shi ne kakarmu. Aure a nan, taron godiya a can, zumuntar mata na biki, matasa na gasar waƙa, makarantu na rufewa da wasan kwaikwayo, kuma kowa so yake a jiyo shi har unguwa ta gaba. Ni kuma bakina bai iya cewa a'a ba. In fita gari bai gama wayewa ba, in dawo kamar wanda aka yi wa duka. Matata takan tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Baban Auta, ko addu'ar safe ba za ka tsaya mu yi ba?" Sai in ce, "Haba, ni da nake wuni a coci? Duk garin nan wa ya kai ni jin wa'azi?" Kuma har ga Allah da gaske nake. Wa'azin da nake ji a watan nan kaɗai, wani sai ya shekara bai ji rabinsa ba.

To, ana tsakiyar wannan hada-hadar, wata Asabar na farka na ji kamar an ɗura min ruwa a kunnen hagu. Na girgiza kai, na sa yatsa, na yi hamma, ba abin da ya canza. Sai wani siririn kuka can ciki, ziiii, kamar sauro ya kama hayar ɗaki. Na ce gajiya ce. Ban gaya wa kowa ba, na sa riga na tafi wurin wani aure da ke jirana.

Auta ce ta raka ni, 'yata ta ƙarshe, wadda ta dawo hutu daga makaranta. Tun tana 'yar mitsitsiya take naɗe min waya, yanzu ta zama budurwa har tana ganin ta fi ni sanin aikin. Aka fara kiɗa, sai na ji lasifikar ɓangaren hagu shiru. Na ɗan ƙara mata. Shiru. Na sake ƙarawa, ina zagin wanda ya sayar min da ita a raina. Ban ankara ba sai na hangi uwar amarya ta miƙe tsaye, hannu biyu a kunne, kofuna na rawa a kan teburinsu. Auta ta taho a guje ta ja maɓallin ƙasa.

"Baba, me kake yi haka? Kashe mutane za ka yi?"

"Ta hagun nan ce ba ta aiki," na ce.

"Ba ta aiki? Baba, ita ce ke neman tsaga bango!"

Ta tsaya tana kallona. Sai ta ɗaga hannu ta kaɗa yatsu daidai kunnena na hagu. Na ga yatsun sun motsa, ban ji komai ba.

Ranar Litinin ita da uwarta suka tasa ni gaba sai asibiti. Likitar kunnen wata yarinya ce da ba ta girmi babbar 'yata ba. Ta sa ni a wani ɗan ɗaki mai katifa a bango, ta ɗora min abin saurare a kai, ta ce duk lokacin da na ji ƙara in danna wani maɓalli. Na so in gaya mata wayar abin ta kusa tsinkewa daga gindi, amma na yi shiru, don na ga ba ranar nuna gwaninta ba ce. Da muka fito ta zaunar da mu.

"Baba, jijiyar kunnen hagun nan ta ji rauni. Za mu ba ka magani mu gani ko zai dawo, amma ban yi maka alkawari ba. Abin da ya fi damuna shi ne na daman. Shi ma ya gaji tilis. Idan ka ci gaba da tsayuwa gaban lasifika a watan nan, kana iya rasa duka biyun."

"Likita," na ce, "kin kuwa san wane wata muke ciki?"

"Ni na sani, Baba. Kunnen ne bai sani ba. Ba taro, ba kiɗa, ba janareta, har shekara ta fita. Sai ka dawo mu sake gwadawa."

Tun kafin mu bar ɗakin matata ta zura hannu a aljihuna ta zare makullin shago, ta miƙa wa Auta. Ko neman izinina ba ta yi ba.

Kai, zaman gida da rana ba ƙaramin aiki ba ne! Ashe ban san gidana ba. Ban san rana na shigowa ta tagar falo ta kwanta a kan kujerata ba, ban san akuyar maƙwabta na leƙo mu kullum da hantsi ba. Na gyara duk wata kujera mai girgiɗi, na shiga kicin zan taya aiki aka koro ni. Waya na ta kuka, masu taro na nema, matata na amsawa da muryar nan tata mai sanyi, "Ba ya jin daɗi, amma 'yarsa za ta zo." Ni kuwa ina zaune ina cin raina. Abin da ban gaya musu ba shi ne tsoro nake ji, tsoro na gaske. Da an ɗan yi shiru sai in toshe kunnen hagu da yatsa in saurara da na dama, in ji ko yana nan.

Wata rana da safe matata da Auta suka shimfiɗa tabarma a falo za su yi addu'a, kamar yadda ashe suke yi kullum bayan na fita. Matata ta ce, "Tunda yau maigida na nan, shi zai yi mana." Na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na rufe ido, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ɗaya, biyu."

Auta ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa. Uwarta ta danne tata da bakin gyale, kafaɗunta na rawa. Ni ma na yi 'yar dariyar yaƙe, na ce bari in sake. Sai na nemi kalma na rasa. Na san yadda fastonmu ke fara addu'a ƙasa-ƙasa, na san daidai inda zai daka tsawa don in riga shi jan maɓalli. Na san dattijon da ke cusa makirfo a baki kamar zai haɗiye, na san matar da numfashinta ya fi muryarta ƙarfi. Amma me suke faɗa? Ko jimla ɗaya ban iya kawowa ba. Ashe shekara da shekaru sautin nake gadi, maganar kuwa tana wucewa ta gefena. Kunya ta rufe ni a gaban iyalina.

Matata ta karɓi addu'ar kawai. Addu'arta gajera ce, ba tsawa, ba ƙawa. Ta roƙi Allah kunnena kamar yadda mace ke roƙon gishiri wurin maƙwabciyar da suka saba. Ta gode masa don abinci, don hutun Auta, har don zamana a gida ta gode. Wannan na ƙarshen ban ce amin ba.

Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti, da yamma, cocinmu ke yin taron waƙoƙi. Shi ne taron da na fi ji da shi duk shekara, kuma tunda na kafa sana'a ba hannun da ya taɓa miksa a ranar sai nawa. Bana Auta ce za ta zauna. Na yi mata huɗuba tun safe har ta ce, "Baba, na ji, na ji, kar nawa kunnen ma ya tafi." Matata kuma tana cikin mawaƙa, dole ta je. Tana ɗaura ɗankwali ta nuna ni da yatsa.

"Baban Auta, ko ƙofar gida ban yarda ka leƙa ba."

"Ina za ni? Ga ni ga kujera," na ce.

Cocin ba shi da nisa da mu, 'yan layuka ne. Ba a daɗe da farawa ba na jiyo shi daga falo: ƙiiii! Kukan nan da lasifika ke yi idan makirfo ya matso ta da yawa. A sana'armu ba abin kunya kamarsa. Na ce Auta za ta gyara. Ya sake. Na miƙe, na zauna. Da ya yi na uku, ban san lokacin da takalma suka shiga ƙafata ba. Na cusa auduga a kunnuwa don in yaudari kaina, na ja ƙofa.

Ina kusantar cocin ina jin kiɗan na dukan ƙirjina. Na isa bakin ƙofar shiga, ta taga na hangi Auta ta duƙufa a kan allon, gumi na zuba. Na kuma ga matsalar da idona: mai ba da waƙa ya tsaya dab da lasifika, matsar da shi kawai za a yi, aikin ƙiftawar ido. Na ɗaga ƙafa zan shiga. A daidai nan kunnen dama, mai lafiyar, ya fara nasa siririn kukan. Ziiii. Irin na ɗan'uwansa sak.

Na tsaya ƙafa ɗaya a kan dakali, ɗaya a ƙasa. Zuciya na cewa shiga, yanzu za ka fito, sunanka ne ke zubewa. Wata na cewa, idan ka shiga, wataƙila wannan ƙiiii ɗin ne abu na ƙarshe da za ka ji a duniya. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na janye ƙafata. Maimakon in koma gida, sai na bi jikin bango na zagaya baya, ina neman inda ƙarar ba ta kai.

Can bayan ɗakunan da ake koya wa yara karatu ran Lahadi akwai wata bishiyar mangwaro. Ban taɓa zuwa wurin ana cikin sujada ba, me zai kai ni? Sai ga benci biyu a ƙarƙashinta, da mutane zaune. Akwai tsohuwar nan da kowa ke kira Kaka, akwai wani tsohon direba mai ciwon zuciya, da masu jego biyu, kowace da jaririnta. Kaka ce ta fara ganina.

"A'a! Yau wa nake gani? Ɗaya-Biyu da kansa! Ku matsa masa, jama'a, babban baƙo muka yi."

Na gaishe su, na zare audugar dama. Na ce, "Kaka, me kuke yi a nan? Ga kujeru can a ciki."

Suka dubi juna, suka fashe da dariya. Direban har da tari.

"Ɗan nan," in ji Kaka, "ai kai ka koro mu."

"Ni?"

"Kai mana. Tun ranar da ka kawo baƙaƙen akwatunan nan naka, in na zauna a ciki sai in ji haƙorana na motsi. Wannan kuma," ta nuna direban, "zuciyarsa ke bin gangar. Jarirai kuwa ihu suke har su shiɗe. Shi ne muka ɗauko benci muka dawo nan. Daga nan daidai muke jin komai."

"Tun yaushe?" na tambaya, muryata ta yi ƙasa.

Ta dafa ɗaya daga cikin masu jegon. "Ka ga wannan? A bayan uwarta ta fara zuwa bencin nan."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "To, me ya hana ku gaya min?"

"Mun gaya maka! Ni da ƙafata na je wurinka. Idonka na kan maɓallan nan, ka ɗaga min hannu ka ce ba ka ji, in bari a tashi. Da aka tashi kana naɗe waya, kana sauri za ka wani taron." Ta faɗa ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Sannan ta buga bencin da tafin hannu. "Zauna, kar ka faɗi. Nan ma coci ne."

Na zauna tsakaninta da direban. Ba a jima ba kukan lasifikar ya ɗauke, Auta ta gano abin da kanta. Daga ƙarƙashin bishiyar waƙar na isowa a hankali, a tace, kamar daga ɗakin maƙwabta. Mutanen bencin suka bi ta ƙasa-ƙasa. Muryar Kaka a fashe take, kuma kullum tana bayan kiɗa, da a makirfona take da tuni na rage ta. Amma a nan ba abin da zan rage. Hannuwana sai motsi suke a kan gwiwa suna neman maɓalli, har Kaka ta kama ɗaya ta riƙe. Sannu a hankali kukan da ke kunnena na dama ya lafa.

Sai aka zo karatun haihuwar Yesu. Wannan karatun na sa masa makirfo ya fi a ƙirga, na san tsawonsa, na san inda mai karatu ke shan numfashi. Ranar ce na fara jin abin da ke ciki. Na ji yadda aka rasa masauki, aka kwantar da jariri a inda dabbobi ke cin abinci. Na ji makiyaya suna bakin aikinsu labari ya same su, kuma ba su ce bari a tashi ba, ba su ce wa zai kula da garke ba, suka bar aikin suka tafi su gani. Wannan ya soke ni. Mutanen nan ma sana'a gare su, kuma ita ce abincinsu.

Ana cikin haka mai jegon da ke kusa ta ce, "Baba, riƙe min shi in gyara zani." Ta ɗora min jaririn a kafaɗar dama. Ɗan mitsitsi, da ɗumi, yana barci. Numfashinsa na fita daidai kunnena, fuu, fuu, a hankali. Na ji shi sarai. Ni da na shekara ashirin da wani abu ina ƙara wa duniya ƙara, ban san akwai sauti mai daɗin wannan ba. Hawaye suka zubo min, ban ɓoye ba. A raina na ce, "Ubangiji, ga ni, na zo a makare. Na gode da ka zaunar da ni. In ka ga dama ka bar min ko guda ɗaya ne, ina so in ji." Ban fara da ɗaya-biyu ba, kuma ba wanda ya koya min.

Da aka tashi matata ta zagayo neman wata ƙawarta, ta yi kiciɓis da ni. Ta riƙe ƙugu, ta ja numfashi za ta fara. Kaka ta ce, "Ƙyale shi, 'yata, yau namu ne. Bai shiga ba, ni shaida ce." Faɗan dai ban tsira ba, an ajiye min shi har gida, kuma na sha shi da godiya.

Ranar Kirsimeti na sa Auta ta rage sautin sosai. Fasto ya yi ta ƙorafi wai ba ya jin kansa, na aika masa cewa mu muna jin sa. Kaka ta shiga ciki da sandarta, ta zauna kusa da ƙofa, masu jego suka bi ta. Direban dai ya ƙi, ya ce ya saba da iskar bishiya. Ni da shi muka yi sujadarmu a benci, muka raba lemo ɗaya.

Bayan shekara ta fita muka koma asibiti, ni da matata. Aka sake sa ni a ɗan ɗakin, na danna abin da na ji, na bar abin da ban ji ba. Likita ta daɗe tana duba sakamakon kafin ta ɗago.

"Baba, na hagun bai dawo ba. Ba na jin zai dawo. Ka yi haƙuri."

Na ce, "Na daman fa?"

"Yana nan, bai ƙara lalacewa ba. Hutun ya taimake shi. Idan ka bar tsayuwa gaban lasifika, zai kai ka tsufa."

"To, na gode," na ce. "Na gode wa Allah, na gode miki."

Ta dube ni kamar tana jiran gardama. Babu. Ya yi min ciwo, ba zan yi ƙarya ba, kunnen da aka haife ni da shi ne, ga sana'ar da na gina da hannuna. Amma guda na roƙa, guda aka bar min.

Muka fito bakin titi muna tafiya. Can na juya sai na ga bakin matata na motsi, hannunta na nuni, ashe tun daga ƙofar asibiti take min magana. A hagu take. Ta ga yadda nake kallonta, ta tsaya cak. Idanunta suka kawo ruwa, ta yi saurin sharewa. Ta zagaya ta bayana, ta dawo dama, ta maƙale hannunta a nawa.

"Daga yau nan ne wurina," ta ce. "To, cewa nake, rufin kicin na yoyo, kuma tunda yanzu kana gida..."

Daga nan har ƙofar gidanmu magana take, ta rufi, ta kuɗin makarantar Auta, ta akuyar maƙwabta da ta cinye mata shuka. Ban rasa ko kalma ɗaya ba.